Muryar Gwaggo Lantana

Da hantsi shugaban kamfanin waya ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin Gwaggo Lantana, ya durƙusa. Haka sabuwar doka ta tanada: duk kamfanin da ya yi sake aka sace muryoyin jama'a a hannunsa, shugabansa zai bi su gida-gida, kowa ya ji abin da aka faɗa da muryarsa, sannan ya ce a goge ko a bari.

"Mama, ɓarayin sun kira ɗanki da muryarki. Haƙƙinki ne ki ji."

"Kunna."

Ya ajiye 'yar na'ura a kan tabarma. Muryarta ce sak, har da ɗan tarin nan da take yi kafin ta fara magana: "Auwalu! Auwalu, ina asibiti, ba ni lambar sirrinka."

Lantana ta kawar da kai, ta ja mayafi ta rufe bakinta.

"Abin da ya ɗaure mana kai," in ji shugaban, "duk wanda suka kira ya faɗa tarkonsu, ban da shi. Nan take ya kashe wayar."

"Yo ɗan fari ne fa! Tun da aka raɗa masa suna bai taɓa jin sa a bakina ba. Babban Mutum nake ce masa."

"To, a goge?"

Ta dangwala yatsa a jikin na'urar, alamar ta amince. Na'urar ta yi tari ɗaya, ta yi shiru.

"Tashi ka sa takalminka, ɗan nan. Muryata suka sata, ba su saci kunyata ba."