Kwat Ɗin Adashe

"Adashe aikin jahilci ne," in ji baƙon da aka kawo lise ɗin Dogon Dutsi, wato makarantar sakandare, don ya koya wa ɗalibai tanadi. Ya gyara wuyan kwat ɗinsa, ya ƙwanƙwasa allo da alli. "Tsofaffin mata ne ke ƙulle kuɗi a bakin zane. Mai ilimi banki yake kai nasa."

Yarinyar da ke bencin baya ta taɓe baki. Ta san muryar nan, amma ranar da ta taɓa jin ta, ƙasa-ƙasa take fita. Shekara ashirin innarta na riƙe da adashen 'yan kasuwar Matankari, ba takarda, ba sa hannu, kuma sau ɗaya tak wani ya ci amana. Da adashen aka yi musu rufin kwano, da shi aka saya mata littafin da ke gabanta. Yau ga wani ya cika aji da turare yana zagin adashen.

Ya yi ta zuba Faransanci har gumi ya jiƙa shi. Aka tafa masa.

"Akwai mai tambaya?"

Ta miƙe, ta rusuna da ladabi.

"Saƙo ne, Malam. Tun ranar da ka durƙusa a zaurenmu Inna ta ba ka kwasar farko ka sayi kwat ɗin nan, ita ke zuba maka daga cinikin ƙosanta. Ta ce in na gan ka in tambaya: a wane banki za ta same ka?"