Kazar Turawa

Shekarar da Turawa ke shirin tafiya Kawu, wan Inna, ya zo mana Anacha daga Kano. Da la'asar yana zaune kan tabarma a tsakar gida, yana cin goro, sai ya ji ina wasa da 'yar maƙwabta cikin harshen Ibo.

Ya kira ni, ya dube ni sama da ƙasa, ya juya ga Inna.

"Wannan ai kazar Turawa kika haifa. Ga girma, ba ɗanɗano. Ba ta Arewa ba, ba ta nan ba."

Shekarata takwas, amma na gane zagi ne. Na sunkuyar da kai, idona ya cika.

Inna ko ajiye muciya ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya, goron da ke bakinka, a Kano ya tsiro? Daga ƙasar Kurmi ta Kudu aka kawo shi, kuma ban ga ka tofar ba."

Bakinsa ya tsaya cak, leɓensa ja wur. Sai ya nemi buta.

Yanzu na wuce shekarunsa na wancan lokacin, kuma har yau ban ga abin da ya fi ni da shi ba.