Turaren Baba a Bakin Fili

Babana malami ne, kuma a gidanmu na Illela ko sunan ƙwallo ba a ambata. Wata rana bayan la'asar na sulale filin makaranta, inda ƙananan 'yan wasa ke atisaye. Ina cikin kallo sai na ji ƙamshin turarensa a bayana. Na runtse ido ina jiran mari.

"Mi kaka kallo ga mai cin ƙwallo?" in ji shi. "Dubi yaron garin Kalmalo can, mai buga da ƙafar hagu. Bara rowar ƙwallo gare shi, bana ya koyi bayarwa. Shi za a ɗauka Sakkwato."

Na saki baki. Ashe kowane yaro ya san shi!

Har ya rasu ban iya tambayarsa a ina yake tsayawa yana kallonsu ba. Abin na cina har yau.