Kantun Riɗin Zahara'u

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara zance ba, kuma a ɓoye nake yi. In kun ga kuskure ku wuce shi.

Sukari ya fara ja a tukunya, Zahara'u ta zuba riɗi ta juya. Ta kife a tire mai shafe da man gyaɗa, ta murje da kwalba, ta yanka tun da zafi. Hannunta ne ke aikin, ita ba ta jin komai. Tun ranar da aka ɗauki Inna aka kai maƙabarta haka take. Ba ta yi kuka ba. Mata suka ce dauriya ce da ita, ta ce to.

Hutun lakwal ne, an rufe makarantu, damina ta yi tsakiya, tabkin Madarumfa ya cika har ya ci gonakin baki. A irin wannan lokaci ita da Inna kan zauna a rumfa suna kantu da alawar madara, in sun gaji su ɗauki basilla su yi ɗinkin faifai da kaba da zaren buhu. Inna ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, amma da taɓawa take gane inda ɗinki ya saki. "Auta, warware," in ji ta. Sai a warware.

Yanzu an ce da an yi sadakar arba'in za a rufe gidan. Wuri biyu ne gaban Zahara'u. Ko Kawu Illo, ƙanen Inna, ya tafi da ita tungarsa can bayan Safo, inda babu kolej sai gona da amalanken jaki. Ko Yaya Safiya, babbar yayarta da ke aure a Maraɗi, ta ɗauke ta ta ci gaba da karatu.

Matsalar ita ce Yaya Safiya ba ta sonta. Zahara'u ta daɗe da sanin haka. Tun tana ƙarama, in Yaya ta zo ganin gida, kowa za ta ja da wasa ban da ita. Ba ta kallonta ido da ido. In za ta aike ta sai ta ce da bango, "A miƙo mini buta." Amma ga Faruk, babban ɗanta, baki har kunne. "Faruk, zo ka ci! Faruk, sauka daga katanga!" Wata baƙuwa da ta zo gaisuwa har ta taɓe baki ta ce matan yanzu ba su da ta ido.

To Zahara'u ba ta iya roƙo ba. Abin da ta iya shi ta yi. Kullum ta yi kantu ta ajiye a ƙofar ɗakin da Yaya ta sauka zaman makoki, ta rufe da kwano saboda danshin damina na sa shi ya yi danƙo. Yaya ta wuce kamar ba ta gani ba. An jima kwano ya dawo wankakke. Faruk ne, ta sani, yaron nan kamar gara.

Ta fara sabon faifai, ja da kore. Wata rana ta tafi ɗebo ruwa, ta dawo ta tarar an warware mata layi guda an sake ɗinkawa, an ja zaren tsaf. Ta duba, Yaya na can tana tsince wake, ta ba ta baya. Zahara'u ta ɗauki basilla ta ci gaba. Ko mamaki ba ta iya yi ba.

Ranar sadaka, bayan malamai sun shafa fatiha sun watse, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kawu Illo ya zauna, da Yaya Safiya, da Iya Delu, ƙawar Inna tun suna 'yan mata. Zahara'u ta jera kantu a sabon faifan, ta durƙusa ta ajiye gaban Yaya. Yaya ta tura shi gaban Kawu da ɗan yatsa.

Kawu ya ci biyu. "Wagga hannun uwarta gare ta," ya ce, yana kakkaɓe gemu. "To, Safiya, ni dai ina da wuri. Ke mi kika ce?"

Yaya ta sunkuyar da kai tana jan zaren tabarma. "Yadda kuka yanke, Kawu."

"Shi ke nan. Yarinya, haɗa kayanki, gobe mu kama hanya."

Zahara'u ta ce to. Ta miƙe. Ta tuna littattafanta, ta ga ba amfanin ɗauka. Ta kai bakin ɗaki, sai ta ji bakinta ya yi magana ba da izininta ba.

"Yaya, mi na yi miki?"

Yaya Safiya ta ja mayafi ta rufe fuska. 

Ni mai rubutun nan ana ƙwala mini kira daga tsakar gidanmu, bari in ƙarasa a tsaye.

Iya Delu ta buga sandarta a ƙasa. "Illo, tsufa ya zo maka hankali bai zo ba? Shekara da shekaru Safiya na haɗiye abin nan don kara, tun ranar da aka yaye yarinyar aka ɗora wa marigayiya a baya. Yanzu wadda ake jin kunya ta tafi, kai kuma ka zauna kana jira Safiya ta buɗe baki a gaban mutane ta roƙi ɗiyarta ta fari?"