Lemun Tsami a Fatar Baba

Babana baduku ne a ƙauyenmu kusa da Ɗambatta. Idanunsa sun fara dushewa, amma ya yi kwana huɗu yana zana baƙin ado a jar fatar da fatake za su kai Gwanja. Na taɓa ganin ya cire ɗigon baƙi da lemun tsami. Da ya tafi sallar la'asar, sai na matse uku, na goge fatar duka, wai ta yi ƙyalli. Zanen ya zube.

Ya dawo, ya shinshina fatar, ya ce, "Uwata, tsami bai san inda na yi kuskure ba. Ni na sani."

Bai ƙara zana wata ba. Har na yi jikoki, ƙanshin lemu na hana ni cin abinci. Da ma dukana ya yi.