Tsuntsun da Baba Ya Ƙi Harbi

Ina 'yar shekara bakwai ko takwas, Baba ya tafi da ni tafkin bayan Gagarawa da la'asar. Maharbi ne. Inna tana kwance ba lafiya, ta ce romo take sha'awa.

Balbelu sun cika bakin ruwa, su kuwa ba ma cin su. Can a tsakiyarsu sai ga wani farin tsuntsu yana yawo a kan ruwa kamar agwagwa.

Na ce, "Baba, balbela ta koyi iyo?"

Ya ce, "Ke, yi shiru. Ina kika taɓa ganin balbela mai gajeren wuya?"

Ya ɗana kibiya, ya daɗe yana kallo. Gadon bayan tsuntsun ruwan toka ne, ƙarshen fikafikansa baƙi, bakinsa ja. Shi ba agwagwa ba, ba hasbiya ba.

Baba ya sauke baka. "Ban san shi ba, uwata. Abin da ban san sunansa ba, ba na yi masa bismilla."

"To, romon Inna fa?"

Sai ya rataya bakansa. Muka koma hannu wofi ina kuka, ban san ko haushin Baba nake ji ko na tsuntsun ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana fataucin kifi daga Tafkin Chadi, lalle ya san irin wannan tsuntsun. Shekara hamsin muna tare ban taɓa tambayarsa ba. Sai yanzu da nake takaba tambayar ta zo mini, na waiwaya shimfiɗarsa, sai hawaye.