Ido Ɗaya na Daruma

Layukan da wata mai binciken kimiyya ta yi shekaru tana nema sun fito ɓaro-ɓaro a allo, alamar lantarkin cikin ɗan dutsen da take gwadawa ya jera sahu. Abokin aikinta ya sauko da daruma daga kan na'urarsu mai kama hasken eksire, irin na ɗaukar hoton ƙashi, cikin matsanancin sanyi. Daruma mutum-mutumi ne da ake zana wa ido ɗaya ranar ƙulla buri, ɗayan sai buri ya cika.

"Ga alƙalami, Malama. Tsohon nan ya gaji da hararmu da ido ɗaya."

"Cire dutsen tukuna, a sake haskawa."

Ya cire, aka haska fili. Layukan suka dawo ɓaro-ɓaro. Ashe na'urar ce ke zana su.

Ta rufe alƙalamin, ta mayar da tsohon mazauninsa, ya ci gaba da hararsu.